Masu keke su bar titin bakin teku su shiga bayan tudu, amma su sani hanyar da masu ita

Duk wanda ya taɓa buɗe taswira yana neman inda zai tuƙa keke a yankin da ke kusa da teku ya san abin da ido ke fara hangowa, wato wannan titin da ya bi gefen ruwa sak, ga teku a hannun dama ga duwatsu a hagu, sai ka ji kamar ka hau keke yanzu-yanzu. To ni dai ra'ayina shi ne wannan titin galibi shi ne mafi munin zaɓi. Hanyar da ta fi daɗi, ta fi kwanciyar hankali, tana can baya, kilomita biyar ko goma daga ruwa, 'yar siririyar kwalta da ke hawa tana sauka tsakanin gonaki da ƙauyuka.

Dalili ba ɓoyayye ba ne ai. Titin bakin teku kowa shi yake so, masu yawon buɗe ido da motocin haya, manyan bas-bas, tireloli masu zuwa tashar jirgin ruwa, kuma rabin direbobin idonsu na kan ruwa ba kan hanya ba. Sannan irin waɗannan titunan sau da yawa a jikin dutse aka sassaƙe su, babu kafaɗa, babu wajen kaucewa, in mota ta matse ka ko dutse ko rami.

Ku duba tseren Milan zuwa San Remo na Italiya, wanda ake yi tun 1907 kuma tsawonsa ya kusa kilomita 300. Bayan sun sauko bakin ruwa suna bin tsohon titin nan na Aurelia na tsawon lokaci, amma inda tseren yake zama tsere shi ne inda suka bar titin suka karkata cikin tudu. An ƙara hawan Poggio a 1960, aka ƙara na Cipressa a 1982, don masu shirya gasar sun ga shimfiɗaɗɗen titi kaɗai ba ya raba gwani da gwani. Poggio ɗin nan bai kai kilomita 4 ba fa, tsayuwarsa ma ba wani abin a zo a gani ba ce, amma 'yar hanyar ƙauye ce mai kwana-kwana, kuma ita duniya ke jira ta gani duk shekara. In har ƙwararru sai sun bar gefen ruwa kafin abin ya yi armashi, me zai sa mai keke na yau da kullum ya liƙe wa babban titi yana shaƙar hayaƙi?

Sai dai wannan ƙasa ta tuddai tana da yaudara, kuma nan nake so in ɗan tsaya. Mutum ya duba taswira ya ga babu wani dutse mai tsawo, mafi tsayin wuri bai fi mita 300 ba, sai ya ce ai wannan wasa ne. Abin da bai lissafa ba shi ne duk rafin da ke gangarowa teku ya yanka wa kansa kwari, kuma hanyar da ta bi layi ɗaya da gaɓar teku dole ta ƙetare su ɗaya bayan ɗaya, ka sauka ka hau, ka sauka ka hau. Hawa goma na mita 150 kowanne, ka tashi da mita 1,500 ke nan ba tare da ka taka wani dutse mai suna ba. Ga shi hanyoyin ƙauye ba injiniyan babban titi ne ya tsara su ba, yawanci tsohuwar turba ce ta ƙafa da dabbobi aka zuba wa kwalta, don haka ba ta zagaye tudu, kai-tsaye take tunkararsa, sai ka ga wuri ya miƙe kashi 12 ko 15 cikin ɗari, ma'ana duk mita 100 da ka yi gaba ka tashi sama mita 12 ko 15. Shi ya sa nake jin haushin masu wallafa hanya su rubuta kilomita kawai su yi shiru. A faɗi jimillar hawa, a faɗi inda ya fi tsayuwa, a faɗi inda ake samun ruwan sha, wallahi wannan ya fi hoton faɗuwar rana amfani sau goma. Kuma mai keke ya sa giya mai sauƙi, ba abin kunya ba ne, gwiwa ba ta da sifiya.

Ga kuma iska. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke samanta ta yi sama, sai mai sanyi ta taso daga teku ta cike gurbin, shi ya sa daga azahar zuwa la'asar iska ke kaɗowa daga ruwa zuwa tudu. Wanda ya fita da sassafe ya nufi cikin ƙasa zai dawo da yamma iska na dukan ƙirjinsa daidai lokacin da ƙafa ta mutu. A Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda ake tseren kilomita 109 da dubban mutane ke shiga, wanda ke bi ta titin Chapman's Peak da ke jikin dutse a bakin teku, a 2017 soke gasar aka yi ɗungurungum saboda iska na kayar da mutane tun a wurin tashi. A bayan tudu kuwa bishiyoyi da shinge da tudun kansa suna kare ka. Iskar teku kuma gishiri gare ta, tana cin sarƙa da wayar birki, wanda bai wanke keke ya sa mai ba zai gani a sati biyu.

To yanzu ga inda nake da magana da 'yan uwana masu keke, don ba zan yi ta yabon hanyar ƙauye in ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Wannan hanyar da muke kira shiru, wajen aikin wani ce. Tarakta na bi da kaya, makiyayi na koro tumaki, yara na tafiya makaranta, tsohuwa na tsallakawa gidan maƙwabta, su ba hutu suka zo ba. Sai ga mutum ashirin ko talatin sun jeru sun cike hanya, manomin da ke sauri ya kwashe amfaninsa kafin ruwa ya sauko yana biye da su kilomita uku ba wanda ya matsa. Ko a gangara, mutum ya kwanta kan keke yana gudun kilomita 60 a awa ya ratsa tsakiyar gari saboda yana son ya karya lokacin wani a Strava, manhajar da masu keke ke gwada gudunsu a kai. Ga ledar abin ƙara kuzari an yar a bakin gona. In mutanen wurin suka fara jin zafin masu keke, kada wani ya ce ƙiyayya ce kawai, akwai abin da ya jawo. A rabu gida-gida, mutum shida ko takwas, a koma layi ɗaya in abin hawa ya taho, a rage gudu a cikin gari, a yi gaisuwa, a tsaya a sayi wani abu a hannunsu. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba.

Su ma hukumomi da nasu laifin, kuma nasu ya fi girma. Tsibirin Mayorka na Sifaniya ya zama matattarar masu keke daga duk Turai, musamman duwatsun Tramuntana da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi a 2011, da hawan Sa Calobra, kilomita 9 da ɗoriya daga bakin ruwa zuwa sama, mai lanƙwasa 26. Amma wannan siririyar hanyar ita ce manyan bas-bas na 'yan yawon buɗe ido ke bi su ma, don haka masu keken da suka san wurin da sassafe suke fita kafin su taso. A can hanyar Formentor kuwa, a wannan tsibirin dai, da cunkoso ya yi yawa sai hukuma ta taƙaita shigar motocin kai a lokacin bazara, ta sa bas, kuma a ganina wannan shi ne irin matakin da ya kamata a riƙa kwaikwayo, don ba ya buƙatar a fasa dutse ko a ƙwace gonar kowa. Ba a yi wa keke talla a jawo dubban mutane sannan a bar su su da tirela su sasanta kansu.

Wani zai ce to a gina wa keke hanyarsa daban mana. Inda zai yiwu a yi, kamar a gaɓar Liguriya ta Italiya inda suka mai da tsohon layin dogo hanyar keke ta kimanin kilomita 24 da ta ratsa San Remo, har gasar Giro ta 2015, wato babban tseren keke na zagaye Italiya, a kanta ta fara. Amma wannan sa'a ce aka samu layin da jirgi ya daina bi. Ba wanda zai iya yi wa kowace hanyar ƙauye tagwaye, kuɗin ma babu, kuma in an faɗaɗa ta sai motoci su ƙara gudu, abin da ya sa ake sonta ya tafi. Abin da ke aiki shi ne a rage iyakar gudu, a sa alamu a kwanar da ba a hango gaba, a cike ramuka a share tsakuwar da ruwan sama ke wankowa kan kwalta, sannan dokar tazara. Sifaniya ta daɗe da wajabta wa direba ya bar mita 1.5 in zai wuce mai keke, Birtaniya ma ta sa hakan a ƙa'idojin hanyarta a 2022. Doka dai sai an bi ta, in ba a taɓa kama kowa ba rubutu ne kawai a takarda.

Kuma kada kowa ya ɗauka hanyar ƙauye ba ta kisa. Michele Scarponi, wanda aka ba nasarar Giro ta 2011, a watan Afrilun 2017 ya fita atisaye da safe a garinsu Filottrano, cikin tuddan yankin Marche na Italiya da ba su da nisa da tekun Adriyatik, wata motar ɗaukar kaya ta buge shi a mahaɗar hanya ya mutu. Mutumin da ya sauko manyan duwatsun Turai da gudu shekara da shekaru, a bakin garinsu abin ya same shi, a hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa. Hular kwano da fitila mai walƙiya a baya ko da rana duk a sa, ina goyon baya, amma nauyin ya fi hawa kan wanda ke riƙe da sitiyarin ƙarfe tan biyu, da kuma hukumar da ta san wannan mahaɗar tana da haɗari ta bar ta yadda take.