Motar da ba ta da direba: wa zai yarda da kamfanin da ya ɓoye abin da ya faru?

A daren 2 ga Oktoba 2023, a birnin San Francisco na Amurka, wani mai mota ya kaɗe wata mata da ke tsallaka titi, ya tsere. Bugun ya wurga ta gaban wata motar haya marar direba ta kamfanin Cruise, mallakar General Motors. Motar ta taka birki amma ta riga ta hau matar. Sai kwamfutar da ke tuƙa ta ta yanke shawarar ratsewa gefen hanya, ta ja matar a ƙarƙashinta kusan mita 6. Matar ta rayu, da munanan raunuka.

Ba wanda ya ɗora wa Cruise laifin bugun farko. Abin da ya jawo masa fushin hukuma shi ne yadda ya ba da labarin. Hukumar kula da motoci ta jihar Kaliforniya ta ce ba a nuna mata ɓangaren bidiyon da aka ja matar ba, kuma a ranar 24 ga Oktoba ta dakatar da izinin kamfanin. A watan Nuwamba shugabansa Kyle Vogt ya ajiye aiki. A 2024 kamfanin ya amsa cewa ya miƙa wa hukumar tsaron hanyoyi ta tarayya rahoton da ya bar batun jan matar a waje, aka ci shi tarar dala 500,000. Kafin shekarar ta ƙare General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ina cikin masu fatan wannan fasaha ta yi nasara, kuma da gaske nake. Kimanin mutum 40,000 ke mutuwa a hanyoyin Amurka duk shekara, da yawansu saboda maye, gyangyaɗi ko danna waya a kan sitiyari. Na'ura ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma mai tsallaka titi ba shi da hanyar duba abin da ke cikin kwamfutar motar. Abin da yake da shi kawai shi ne maganar kamfani, shi ya sa ɓoyewa ɗaya take rusa aikin shekaru.

Talla ma tana da nata laifin. Kamfanin motoci na Tesla ya sayar da tsarin taimaka wa direba da ya raɗa wa Autopilot da Full Self-Driving, sunayen da ke nufin mota na tuƙa kanta, alhali dole direba ya ci gaba da sa ido a kan hanya, ya kasance a shirye ya karɓi sitiyari. A 2020 wata kotu a Munich ta Jamus ta ce tallar kamfanin na yaudarar masu saye. A Disamba 2023 ya yi wa motoci kusan miliyan 2 gyaran manhaja a Amurka saboda yadda direbobi ke sakankancewa. Ita ma Sin, bayan hatsarin motar Xiaomi da ya kashe mutum 3 a Maris 2025, ta tsawata wa kamfanoni kan kalaman da ke sa a ɗauka mota na tuƙa kanta. Kamfani ba zai ɗaga murya da babban suna a allon talla, ya ɓoye gargaɗi cikin littafin da ba kowa ke buɗewa ba, sannan ya ce direba ne ya yi sakaci.

Tun 2021 hukumar tsaron hanyoyi ta tarayyar Amurka ta wajabta wa kamfanoni kai rahoton irin waɗannan haɗurra. Shari'ar Cruise ta nuna gazawar wannan tsari: wanda ake bincike a kansa shi ne ke zaɓar abin da za a gani. Ya kamata bidiyo da bayanan kwamfutar motar su isa hannun masu bincike cikakku, kai tsaye, kafin lauyoyin kamfani da masu tallarsa su taɓa su. Duk kamfanin da ya ƙi wannan sharaɗi, a hana motocinsa hawa titin da jama'a ke bi.