Ranar da na kashe Halmoni da tsabar ladabi

Tunda ɗan Uzbekistan ɗin nan da muke haya gida ɗaya ya riga ya kai labarin har bakin masallaci ranar Juma'a, ya kuma ƙara masa gishiri da magi, gara in faɗa da bakina yadda abin ya faru, don wallahi ban yi dariya lokacin da tsohuwar take kuka ba. Murmushi na yi, kuma akwai dalili.

Kun dai san wata na goma sha ɗaya ke nan a Degu, Koriya ta Kudu, ina shekarar koyon yare kafin a bar ni in shiga karatun da ya kawo ni. Na ci TOPIK, jarrabawar iya Koriyanci, mataki na 3, ana neman maki 120 cikin 300 na samu 126, wato da ƙyar na sha, amma yadda nake tafiya a unguwa sai ka ce ni na taya Sarki Sejong ƙirƙiro Hangul, rubutunsu, a 1443. Rubutun ne ma ya fara ruɗa ni, haruffa 24 kacal, cikin kwana uku ina karanta allon shaguna da ƙarfi, har na kira gida na ce yaren nan ba komai ba ne. Ashe ƙofar ce kawai mai faɗi.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne matakin tsakiya ya fi na farko haɗari. Ɗan koyo na farko in ya yi shirme kowa ya san shirme ne, sai a yi masa uzuri a ƙara masa shinkafa. Amma in bakinka ya fara santsi, kana jera jimla ba gargada, to an fara yarda da abin da ka faɗa ke nan, alhali kai kanka ba ka san me ka faɗa ba.

A makon ne malama ta dawo da mu kan maganar girmamawa. Su in za ka ambaci babba, sai ka cusa wani ɗan guntu "shi" cikin aikatau. Tafiya "gada" ce, in babba ne ya tafi sai ta koma "gashida". Wasu kalmomin ma canja su ake yi ɗungurungum, kai kana "jada" wato barci, kaka kuwa "jumushida" take yi, abincinka "bap" nata "jinji". Sannan malama ta ce min ni musamman, wai ina cika jimla da kaya kamar motar ƙauye, 'yan Koriya ba sa maimaita abin da kowa ya sani, in an san wa ake nufi ko ina ake nufi a yar da shi. Na riƙe waɗannan biyun gam. A sa "shi", a yar da abin da aka sani.

Halmoni, wato kakar gidan da nake haya, mahaifiyar Imo mai gidan, ta yi wata huɗu tare da mu saboda ganin likita, ranar Asabar da safe ta koma garinsu Andong don ta yi shirin Cusok, bikin girbinsu, a can. Ni na sauko mata da jaka daga bene, jakar kamar an cika ta da duwatsu, na sa ta a tasi zuwa tashar bas, ta cusa min alewa a aljihu ta tafi. Imo ta ɗauki kwandon sabulunta ta wuce gidan wanka kamar kowace Asabar, in ta shiga can kuwa awa uku ne, waya tana kulle a loka.

Wajen sha ɗaya aka buga ƙofa. Ƙawar Halmoni ce, mai hular ranan nan da ba ta cirewa ko da dare, wadda suke buga kati tare kullum la'asar suna zagin juna. Ta riƙo leda cike da gam, wata irin kanya ce amma ƙatuwa kamar tumatir. Ta ce, hakseng, wato ɗalibi, haka duk tsofaffin layin ke kirana, Halmoni na ciki?

Na gyara tsayuwa. Na haɗa hannu biyu a gaba. A kaina na yi lissafi tsaf: komawa "doragada", babba ce don haka a sa "shi", abin ya wuce don haka a juya shi, Andong kuma kowa ya san can ne garinsu, a yar. Na ɗan rusuna, na yi murmushin nan na yaron kirki na ce, "Halmoni achime doragashossoyo."

A nufina, Kaka ta koma da safe.

Ledar ta faɗi. Gam suka bi matakala suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, har yanzu ina jin ƙarar. Tsohuwa ta dafa bango ta ce aigo, aigo. Ni kuma a raina na ce kai, ji ƙauna tsakanin tsofaffin nan, don ba a yi mata sallama ba har da su dafa bango. Ta fara zuba magana da harshen Degu, wanda ko ana gaisuwa sai ka ɗauka faɗa ake, ba kuma shi ake koya mana a aji ba, kashi ɗaya cikin huɗu nake kamawa. Na ji kalmar asibiti. Na ce a'a ba daga asibiti ba, daga nan gida, wajen ƙarfe takwas. Ta ƙara aigo. Ta tambayi wani abu da ban gane ba, na ce "ne, ne", ai kun san wannan cutar, in ba ka gane ba ka ce eh eh ka gyaɗa kai. Daga baya na ji wai tambaya ta yi ko a gabana abin ya faru.

Da na ga hawaye na gaske sai na ce bari in kwantar mata da hankali, kuma a nan ne na gama haƙa ramin da kaina. Na ce kar ki damu, "pyonhage gashossoyo", ta tafi cikin kwanciyar hankali, ina nufin tasi ce har tasha ba wahala. Tsohuwa ta zauna daɓas a kan matakala. Na ce "joun gose gashossoyo", ta tafi wuri mai kyau, don Halmoni ta sha nuna min hotunan Andong, kogi da tsofaffin gidaje, wuri ne mai kyau tsakani da Allah. Ina zan san wannan ita ce ainihin maganar da suke yi wa mamaci? Ta kama hannuna tana jijjigawa tana gyaɗa kai. Ganin kamar maganata na shiga, sai na ƙara da cewa ni da kaina na ɗauko daga bene, da nauyi sosai. Jaka nake nufi. Amma jaka ai an santa, na yar da ita kamar yadda malama ta ce.

Kuma, Allah ya yafe min, na rufe da cewa ni ma in an yi hutu ina so in bi ta can.

Ta dube ni wani irin kallo, ta shafa min kumatu, ta ce wani abu da na fahimci ƙarshensa kawai, wai ni yaro ne tukuna kar in ƙara faɗin haka. Sannan ta ciro waya ta kira lambar Halmoni, ban san me take fata ba. Sai ga kiɗan nan nasu na tsofaffi ya tashi daga ɗakin Halmoni, ɗaki a share an naɗe shimfiɗa, ashe ta manta wayar a jikin caja. Wannan kiɗan shi ya ƙarasa ta. Ta sauka tana aigo, ko gam ɗin ba ta waiwaya ba.

To duk wannan abin da ake yi, mutumin naku ɗan Uzbekistan yana kicin, ƙofa a buɗe, yana cin taliya a cikin tukunyata. Tukunyar da muka ware mu biyu don kar ta haɗu da naman alade, wadda tun watan Maris ni kaɗai ke wanke ta. Mutumin da ke da mataki na 5, kuma ba don ƙwazo ba, yarensu ma aikatau a ƙarshe yake zuwa ana ta liƙa masa jela kamar na Koriya, shi gado ya tarar mu kuma muke noma. Ya ji komai. Ya ga Halmoni ta shiga tasi da ƙafarta, har hannu ya ɗaga mata ta taga. Kalma ɗaya ta ishe shi ya ce, Andong, shi ke nan. Bai ce ba. Da na shigo ina tsince gam ina cewa tsohuwar nan akwai saurin kuka, sai ya ce min "eh, sun shaƙu" ya ci gaba da zuƙar romo. Shi ne dai wanda ya cinye min kilishin da aka aiko min, ya ce ya ɗauka na kowa ne, kilishi a cikin akwatina a ƙarƙashin gado wai na kowa. Yajin ma da ya rage rabin kwalba ban yi magana ba. Ranar da ya makara jarrabawa wa ya tashe shi? Ba komai, akwai Allah.

Ƙarfe ɗaya saura na ji hayaniya a ƙasa. Na leƙa, tsofaffi biyar cikin baƙaƙen kaya, har da wani dattijo da kwat da sanda, biyu na riƙe da farar ambulan irin wadda ake sa kuɗin ta'aziyya. Sun zo tambayar a wane asibiti aka ajiye ta, don a nan zaman makoki na kwana uku yawanci a wani sashe na asibiti ake yinsa. Ni har lokacin kaina bai kawo wuta ba, na ɗauka daga coci suke. Na gaishe su da fara'a. Har ruwa na kawo.

Ana haka sai ga Imo ta shawo kwana, gashi a jiƙe, fuska ja, kwandon sabulu a hannu. Ta ga baƙaƙen kaya a ƙofarta. Mai hula ta ruga ta rungume ta tana kuka. Imo ta saki kwando ta kurma ihu "Omma!", wato mama, ita a zatonta bas ɗin ce ta yi hatsari aka sanar tana cikin wanka. A nan ne cikina ya ɗuri ruwa, don ko mataki na 1 ya san wannan ihun ba na kewa ba ne.

Hannunta na rawa ta kira yayanta a Andong, ta buɗe murya kowa na ji. Ya ce lafiya? Ga ta nan tana cin abinci, tana ma faɗa wai an sace mata waya a tasha. Sai muryar Halmoni ta fito tar, baki cike, tana tambaya wa ya mutu.

Shiru. Sannan kawuna shida suka juyo kaina a tare.

Imo ta ce, hakseng, me ka ce musu? Maimaita. Na maimaita, a hankali, har da "shi" ɗina a wurinsa. Ta ce sake. Na sake. Dattijon nan ya ce bai ji ba, kunnensa ba kyau, a sake da ƙarfi. Jama'a, na tsaya a bakin titi cikin silifas na sanar da rasuwar matar sau uku, tana kan waya tana ji. Sai mai hula ta shiga jero sauran, ya ce ta tafi wuri mai kyau, ya ce shi ya ɗauko ta daga bene wai da nauyi. Halmoni ta ce wa ke da nauyi? Wannan ya fi mutuwar ɓata mata rai, kilo arba'in da biyar take, ta faɗa ta sake faɗa.

Dariyar da aka yi, Imo har da zama a ƙasa, hawayen ɗazu bai bushe ba wani ya hau kai. Mai hula kuwa ba ta yi dariya ba, duka ta rufe ni da shi a baya da tafin hannu, irin dukan da ba za ka ce wasa ba ne ba kuma za ka ce faɗa ba. Masu ambulan suka mayar da abinsu jaka cikin sauri, na ga gefen takardar won 50,000 a ɗaya. Sai a lokacin gogan naku ya fito yana goge baki, ya yi musu bayani da Koriyanci mai kyau cewa abokina bai sani ba, "doragashida" in ba a faɗi inda aka koma ba rasuwa ce. Har yaba masa suka yi. Wai ya iya magana.

Abin da ya fi ci min rai, mu ma fa haka muke yi. Wa zai ce mahaifin wani ya mutu? Ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, ya koma ga Mahaliccinsa. Koma ɗin dai, ita ce dai. Da daddare na buɗe littafin aji biyu, ga kalmar a jerin kalmomin girmamawa, layi na ƙarshe, kuma a gefenta da birona da rubutuna na rubuta "ya rasu" har na ja layi biyu.

Da na ba malama labari ranar Litinin sai da ta fita waje ta dawo. Ta ce da na ce ta sauka garinsu, ko kawai in ambaci Andong, da ba abin da zai faru. Na ce ai ke kika ce a yar da abin da aka sani. Ta ce ba wannan ba. To wanne?

Yanzu in na bi ta gaban shagon kwana, tsofaffin sai su haɗa hannu su rusuna su ce min doragashossoyo. Wayar Halmoni ni aka sa na kai gidan waya, na biya kuɗin aikawa daga aljihuna ban iya tambaya ba. Gam ɗin da na tsince guda tara ne, na jera a taga su ƙara nuna, jiya na ƙirga saura huɗu kuma ni ɗaya na ci.