Ranar da dusa ta yi mini rawani

Injin tsotsar ƙura na kamfaninmu na casar shinkafa a Kano ba ya tayar da rigima sai da hunturu, shi ma da asuba. Allurar agogon matsi, mai nuna yawan toshewar jakunkunan tace ƙura na cikin injin, da ta saba zama tsakanin inci 3 da 5 sai ga ta ta haura 8. Fanka na ta ihu, amma bakin bututu ko takarda ba ya iya ja.

Oga ya ce jakunkunan tacewa sun mutu, a sayo sabbi. Na ce, ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar.

Iskar da ke fitowa daga injin busar da turarriyar shinkafa ɗumi gare ta, ga danshi. Da ta bugi ƙarfen da ya kwana cikin sanyi sai ta yi raɓa a ciki, dusa ta jiƙe ta manne wa jakunkuna kamar kunun da ya kwana. Na buɗe famfon ƙasan tankin kwampireso, wato injin da ke tara iska mai matsi, ruwa ya yi ta zuba. Ashe bugun iskar da ke fitowa daga tankin, mai matsin da ya kai bar 6 a ma'auni, da ya kamata ya kakkaɓe jakunkuna, wanka yake yi musu. Bawul biyu kuma daga cikin masu sakin bugun iskar robarsu ta tsage, huci kawai suke yi.

Saura mazurarin ƙasan injin, inda dusar da aka kakkaɓe ke taruwa. Bawul mai juyawa na ƙasa na ta juyi, ba abin da ke faɗowa, don dusa ta cure ta tokare a sama. Na kashe fanka, na sa kwaɗo a makunni, na buɗe ƙofar dubawa na leƙa. A daidai nan yarona, Allah ya shirye shi, ya ga ya dace ya taimaka, ya zabga wa mazurarin guduma daga waje.

Dusa ta rufto mini a ka. Buhu uku aka kwashe, ban da wadda ta shige mini kunne. Na nufi famfo ina laluben hanya, maigadi ya tare ni: "Baba, ba a bara a nan, sai Juma'a."

Yanzu sai iska mai ɗumi ta zaga injin na minti 20 kafin a saki shinkafa, a kuma bar bugun iska na minti 15 bayan an kashe fanka. An naɗe bututu da audugar gilashi mai kaurin inci 2, tanki kuma kullum da safe ake tsiyaye shi. Guduma dama lotsa ƙarfe take yi, dusa ta samu wurin maƙalewa, shi ya sa na kai ta gida, uwargida na fasa goruba da ita.