Matan da aka loda a jirgi saboda riga ɗaya

'Yan uwana matasa, ku ba ni aron kunnenku in ba ku labarin wasu mata da ba danginmu ba, ba addininmu ba, amma halin da aka gwada musu yana nan a cikinmu.

Tsakanin 1788 da 1853, Birtaniya ta kwashi mata kusan 25,000 daga kurkukunta ta loda su a jiragen ruwa zuwa Ostareliya. Yawancinsu sata ce ta kai su: yadi, agogo, cokulan gidan da suke wa aiki. Hukuncin shekara 7 ne, ko 14, ko rai-da-rai, amma kusan duk ɗaya ne, don wadda ta gama wa'adinta ba ta da kuɗin jirgin komawa. Mary Wade ba ta wuce shekara 13 ba lokacin da aka yanke mata hukuncin kisa a Landan a 1789 saboda ta ƙwace rigar wata yarinya. Da aka sassauta mata, sai aka sa ta a jirgin Lady Juliana tare da mata sama da 200, suka shafe wata goma a teku.

Da sun sauka sai a raba su ga masu gidaje su yi bauta ba albashi. Wadda ta yi wa uwar ɗakinta gardama, ko ta kwana waje, sai a mai da ita gidan horo, irin na Parramatta kusa da Sidni, ko na Cascades da aka buɗe a birnin Hobart na tsibirin Tasmaniya a 1828 cikin wani kwari mai sanyi da danshi. Can akwai wanki daga safe har dare, da ɗakin duhu da burodi da ruwa, da ƙarfen da ake ɗaura wa mace a wuya. Akwai kuma aski. An ce matan sun fi tsoron askin nan, don ba jiki yake ciwo ba, mutunci yake cirewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun ciki. Yarinya tana aiki a gidan mutum, ba ta da ikon fita, ba ta da ikon cewa a'a. Idan ciki ya bayyana, ita ake tasa ƙeyarta zuwa Cascades. Ta haihu, ta shayar, a yaye jaririn, sannan a ƙara mata wata shida na horo mai tsanani saboda "laifin" da ta yi. Jarirai suka yi ta mutuwa a ɗakin renon da ya cika maƙil, waɗanda suka rayu kuma a kai su gidan marayu alhali uwayensu na numfashi. Namijin fa? Sai ya nemi a turo masa wata. A 1806 wani limamin coci, Samuel Marsden, ya rubuta sunayen matan yankin New South Wales, inda Sidni take, ya kasa su biyu kawai: matar aure ko daduro. Har wadda aka ɗaura wa aure ba bisa tsarin cocinsa ba, a layin daduro ya sa ta.

To mu duba kanmu. A kawo yarinya daga ƙauye aikatau, dillaliya ce ke karɓar kuɗinta. Ranar da sarƙa ta ɓata, a tsugunar da ita, a aske mata kai, a ɗauki bidiyo, mu kuma mu yi ta turawa a WhatsApp muna kiranta ɓarauniya. Babu mai tambayar shekarunta, ko yaushe rabon a biya ta. Idan ciki ne, sunanta kowa ya sani a unguwa, na ɗan masu gida kuwa a rufa asiri. Ku ji tsoron Allah ku daina tura irin waɗannan. Mary Reibey da sata aka kai ta a 1792, yarinya da ta saci doki. Ta zama babbar 'yar kasuwa a Sidni, yau hotonta ne a takardar dala 20 ta Ostareliya. Ita ta samu wanda ya buɗe mata ƙofa. Yarinyar da fuskarta ta zaga wayoyi, wa zai aure ta, wa zai ɗauke ta aiki?

Ba cewa nake sata halal ce ba, kada wani ya juya mini magana. Amma shari'armu tana bincike kafin ta hukunta. Lokacin da bayin sahabi Haɗib suka sace taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka, Sayyidina Umar ya lura cewa ubangidansu na barin su da yunwa. Ya janye hukuncin yanke hannu. Mai taguwar ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Umar ya sa ubangidan ya biya 800.