Bolar gidanmu ma sai an yi mata rajista?

Salamu alaikum jama'a. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu a Nima ana dafa ataya, sai wani ƙaninmu da ya zo hutu daga Ingila ya ba mu labari. Ya ce a garin da yake zaune, kwandon shara yana da wata 'yar na'ura a ƙarƙashin leɓensa, motar bola tana ɗaga kwandon take sanin na gidan wane ne. Aka kwashe da dariya. Wani baba a cikinmu ya ce, "Kai yaro, mu da ko kwandon ba mu samu ba, ina mu ina na'ura?" Ni ma na yi dariyar, amma da na kwanta sai abin ya ƙi barina. Irin manyan kwandunan roba masu taya, masu lita 240, da ake gani a ƙofar gidaje a nan Ankara, babban birnin Gana, da yawansu tun daga masana'anta ake bar musu ɗan gurbi a ƙarƙashin leɓe don wannan na'urar. Gurbin yana nan. Abin da ya rage kawai wani ya zo da takardar kwangila ya ce zai kawo mana ci gaba.

Bari in fara da gaskiyar da masu tsoratar da mutane ba sa so a faɗa. Na'urar nan da ake kira RFID ba ta gani, ba ta ji, ba ta shaƙar wari, ko batir ba ta da shi. Danginta ce ke cikin katin banki da ake ɗorawa a kan inji ba tare da an zura shi ba. Tana nan a mace har sai hannun motar ya kusance ta, ya aiko mata da siginar rediyo, ta farka ta faɗi lambarta, shi ke nan aikinta ya ƙare. Wanda ya ce maka tana naɗar muryarka da ta matarka, ƙarya yake yi. Amma lambar nan an ɗaure ta da adireshi. A hannun motar ana iya sa sikeli. Sai kwamfuta ta rubuta: gida kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, kilo kaza. Mako bayan mako, shekara bayan shekara. To wannan littafin ne abin dubawa. Wa ke riƙe da shi, wa ake buɗe wa, kuma da wane littafi ake haɗa shi?

Turawan da suka fara abin ma ba su sha da daɗi ba. A 2006 jaridun Ingila suka fallasa cewa an sa na'urar a kwanduna kusan 500,000, kuma magidanta da yawa ba a gaya musu ba. Wasu suka ɗauki sukudireba suka ɓalle ta. A 2010 ƙungiyar Big Brother Watch mai fafutukar kare sirrin jama'a ta ce ƙananan hukumomi 68 ne suka sa, abin ya shafi gidaje miliyan 2.6. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne ɓoyewar da aka yi, da zargin cewa share fage ake yi don a fara cajin kowa gwargwadon nauyin shararsa. A shekarar ce gwamnatin da ta hau ta ce ta jingine maganar cajin.

Na birnin Cleveland a Amurka ya fi tsaya mini a rai. A 2010 majalisar birnin ta amince da kashe dala miliyan 2.5 a kan kwanduna masu na'ura. Tsarin da aka shata shi ne, idan na'ura ta nuna gidanka ya daɗe bai fito da kwandon robobi da gwangwanaye ba, sai ma'aikaci ya zo ya buɗe ainihin bolarka ya bincika. In ya tarar abin da ya kamata ka ware ya wuce kashi 10 cikin 100, tarar dala 100. Kun ga inda gizo ke saƙar. Na'urar ba ta da ido, amma ita ke nuna wa mai ido ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kuma a can tun 1988 Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yan sanda ba sa buƙatar takardar izini kafin su binciki sharar da ka ajiye a bakin titi. Sai a Seattle aka samu wata alƙaliya a 2016 ta ce a'a, dokar birnin da ta ba masu kwasar shara damar leƙa bolar mutane don neman ragowar abinci ta saɓa wa tsarin mulkin jiharsu.

Yanzu ka tsaya ka tuna abin da ka zuba a bola a wannan makon. Kwalin magani, wanda daga sunansa za a san ciwon da ke damun mai gida. Tsinken gwajin ciki, a gidan da ba a yi wa yarinya aure ba. Kwalbar da bai kamata a gan ta a gidan Alhaji ba. Takardar bashi. Ko kuma babu komai sai ɓawon rogo da ledar gari, wanda shi ma labari ne, labarin gidan da ake fama amma ana fita da farin kaya ranar Juma'a. Mu abin da muka fi roƙo a addu'a shi ne rufin asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum zai yafe maka bashi, amma da wuya ya yafe maka tonon silili. Ko da ba a buɗe kwandon ba, nauyi kaɗai yana magana: makon da aka yi baƙi, watan da aka tafi aikin Hajji, makonni uku da aka rufe gida aka tafi Tamale ko Bawku biki. Wannan bayanin a hannun ɓarawo ya fi mabuɗi amfani.

Kuma mu a Gana ba baƙin wannan harka ba ne. Ku tambayi kakanninmu mata labarin tankas, ma'aikatan duba tsafta, waɗanda ake ce wa saman-saman. Tun zamanin Turawa suke shiga gida babu sallama, su buɗe randa su leƙa, in sun ga tsutsar sauro sai sammaci. Manufar ba ta da laifi, zazzaɓi yana kashe mutane. Amma wa aka fi kai wa kotu? Matan zango da talakawa. Mai hali ya san yadda ake sallamar tankas tun daga soro. Duk dokar tsafta da aka ba ta haƙoran tara, a ƙasar nan mun san ƙafar wanda take fara ciza.

Ga wani abin da mai zana tsarin a ofis mai sanyi ba zai tuna ba. A Ingila kwando ɗaya gida ɗaya ne, iyali ɗaya. Gidan da nake haya ɗaki 14 ne, kowane ɗaki da tukunyarsa, ga mai wake da shinkafa da ke dafa na sayarwa a tsakar gida tun asuba. Kwando ɗaya muke da shi, in ya cika a koma buhu. Sunan wa za a ɗaura wa na'urar? Na Hajiya mai gida, tsohuwa da ba ta zubar da abin da ya kai kilo ɗaya a mako. In tara ta zo, ita za a kira. Ita kuma za ta juyo kanmu, daga nan a fara gadin kwando, a fara "na ga ɗiyar wance ta zuba", a fara sa kwaɗo. Mu da rabon kuɗin mita ɗaya ta wuta ya isa ya raba zumuncin shekara ashirin, a ƙara mana na bola? Sa ido da gwamnati ba ta da ma'aikatan yi, mu za mu yi mata shi kyauta a kan junanmu.

Sannan maƙwabcin da ba ya son a caje shi, ina zai kai tasa? Cikin dare zai ɗaga murfin kwandonka, ko ya nufi babban gwatan da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Daga nan ruwa ya kwashe zuwa kogin Odaw. Wanda yake Ankara ranar 3 ga Yuni 2015 ya san ƙarshen wannan tafiya: ambaliya da gobara a shataletalen Kwame Nkrumah da ake ce wa Circle, mutum sama da 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah Ya jiƙansu. Shekara guda kafin nan, a 2014, kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Ankara. Don haka kar wani ya shigo ƙasan rubutun nan ya ce ina goyon bayan ƙazanta. Na san abin da shara ke yi mana. Ina dai cewa cajin kilo a unguwar da ake lissafin kuɗin koko, gwata zai ƙara cikawa.

Za a ce ai ya yi aiki a Koriya ta Kudu, kuma gaskiya ne. Tun 1995 suke biyan kuɗin shara gwargwadon yawanta, a 2005 suka hana binne ragowar abinci, yanzu a Seoul mutum yana ɗora kati a kan kwando ya buɗe, ya zuba, a auna, a sa masa a lissafin wata. Sun rage shara sosai. Amma can motar tana zuwa. Ranar da aka ce za ta zo, tana zuwa. A layinmu watan jiya mun biya kuɗin wata cif, motar kamfanin da ke kwasar mana ta yi kwana 16 ba ta leƙo ba. Na kira lambarsu har na gaji, da aka ɗauka aka ce mini a littafinsu an kwashe.

Nan ne ra'ayina ya tsaya. Na'urar da ke rubuta cewa ban fito da kwando ba, ita ce kuma ke iya rubuta cewa mota ba ta zo ba. Lamba ɗaya ce, littafi ɗaya. Bambancin kawai wanda aka juya wa fuskar littafin. In za a kawo ta, a fara juya ta wajen mai mota. Duk lokacin da aka ɗaga kwandonmu saƙo ya shigo wayar Hajiya. Makon da saƙo bai shigo ba, a cire mana kuɗin makon. Majalisar ƙaramar hukuma ta biya ɗan kwangila bisa adadin kwandunan da na'ura ta shaida an ɗaga, ba bisa takardar da ya rubuto da hannunsa ba. In aka yi haka shekara biyu aka ga gaskiya, a dawo a yi mana maganar sikeli, za mu saurara. Amma ku lura, duk wanda zai zo tallar abin nan da hotunan allo, da tarar magidanci zai fara, ba da tarar kamfani ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba ko da kyauta shi ne a haɗa lambar kwando da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Tun 2017 aka ba kowane gida adireshin GhanaPost GPS. Daga 2021 aka ce kowa ya ɗaure layin wayarsa da katin. Layin wayar kuma shi ne asusun MoMo, kuɗin da muke ajiyewa a waya. Saura ƙulli ɗaya, kwandon shara ya zama yana da hanya har cikin aljihunka. Mun ga abin da masu ba da bashi ta manhajar waya suka yi da lambobin mutane, suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, har sai da aka kama ɗaruruwa a Ankara a 2023. Bayani in ya fita daga hannunka ba ya dawowa.

Doka kuwa muna da ita, ba a karanta mana ne kawai. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da dukiya da saƙonnin mutum. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ce mai tara bayananka ya yi rajista da hukumar kare bayanai, ya gaya maka dalilin tarawa, kar ya karkatar da su zuwa wata manufa, kar ya riƙe su fiye da buƙata, kuma kana da ikon ka ce a nuna maka abin da aka rubuta a kanka. Ba ado ba ce: a 2021 Babbar Kotu a Ankara ta yanke cewa umarnin da aka bai wa kamfanonin waya lokacin korona na su miƙa bayanan masu layi ya keta haƙƙin sirri. Lauya guda ne ya kai ƙarar. Saboda haka ranar da ɗan majalisar unguwa ya kira taro a kan sababbin kwanduna, kar mu tsaya a "nawa ne?" A tambaye shi wa zai riƙe littafin, wata nawa kafin a goge, kuma ko 'yan sanda da masu haraji za su iya gani ba tare da kotu ba.

Wani abu na ƙarshe da ya ba ni dariya a labarin ƙanin nan namu. Wai ana ba su maki in sun ware roba. Mu nan wa ya jira maki? Iya da ke bin layi da buhu tana tsintar ledar piya wata ta kai a auna mata, masu zoɓo da lamurje da burkina da ke sayen gorar roba, samarin kwandem da ke yawo da amalanke suna sayen ƙarfe, su ne suka riƙe wannan aiki tun ba a ba shi suna ba. Ranar da aka ce robar da ke cikin kwando tana da lamba kuma tana da mai ita, iya ta zama ɓarauniya kenan.

Yau Alhamis, ranar motarmu ce. Azahar ta wuce ba ta zo ba. Ɗazu yaron aboboya, babur mai taya uku da ke kwasar shara, ya shigo layi yana busa, Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, kira mana shi." Muka yi karo-karo muka haɗa masa sidi 20, ya kwashe har da buhunan, bai tambayi sunan kowa ba. Inda zai kai ta kuma, wannan wata maganar ce, sai wani rubutun in Allah Ya kai mu.