Wai "Kun Kawo Shi a Makare"

Babu maganar da ke ƙona min rai kamar wadda ake jefa wa iyalan mai bugun zuciya a sashen gaggawa: "Ai kun kawo shi a makare." A makare daga ina? Shi ya gina ɗakin buɗe jijiyar zuciya a can gefen birnin da masu hannu da shuni ke zaune? Shi ya bar unguwarsa da ɗan asibitin da ko na'urar ECG, mai gwajin yadda zuciya ke bugawa, babu mai aiki?

Ciwon nan ba ya jiran kowa. Gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke shayar da zuciya, naman zuciyar ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ya tafi ke nan. Shi ya sa likitoci suka gindaya wa kansu ƙa'ida: gwajin ECG cikin minti 10, buɗe jijiyar cikin minti 90 da shigowar majinyaci, in kuwa ba za a iya kai shi inda ake buɗewar cikin minti 120 ba, a yi masa allurar narkar da gudan jini nan take. Kuma ba jiya aka gano wannan ba. Tun 1977 Andreas Gruentzig ya buɗe jijiyar zuciyar mutum da ɗan balan-balan a Zurich. Tun 1988 aka tabbatar asfirin da allurar streptokinase, mai narkar da gudan jini, suna rage mace-mace.

To ga inda ake cutar mu. Agogon minti 90 ɗin nan, daga ƙofar babban asibiti yake fara bugawa. Duk abin da ya faru kafin a iso ƙofar, ba ya shiga lissafi. Jiran motar asibitin da ke ɓata a lungu saboda gidajen ba su da lamba. Cunkoson da ko jiniya ba ta iya tsaga shi. Kai mutum asibiti mafi kusa, a kwantar da shi, a ce likita na zuwa, a ce ƙila gyambon ciki ne, a ƙarshe a rubuto takardar tura shi gaba. Sannan a sake neman wata motar, a wasu garuruwan ma sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Babban asibiti zai buga ƙirji ya ce ya cika ƙa'ida, alhali mutumin ya yi awa biyar yana riƙe da nasa ƙirjin a hanya. Haba!

Kada wani ya ce min matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Amurka, binciken da Dakta Renee Hsia ta jagoranta a 2018 ya nuna cewa idan zuciyar mutum ta tsaya cak, aikin motar asibiti daga kira zuwa isar da shi yana ɗaukar kusan minti 4 fiye a unguwannin da suka fi talauci, idan aka kwatanta da na masu kuɗi. Minti 4 kamar ba komai ba, sai ka ji cewa kowane minti ba tare da danna ƙirji ko na'urar farfaɗo da zuciya ba yana zaftare kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na damar rayuwa. A kudancin Los Angeles kuwa, a 2007 aka rufe asibitin Martin Luther King da talakawan yankin suka dogara da shi, sai a 2015 aka buɗe wani a wurin. Shekara 8 ke nan. Ina za su kai zukatansu a tsakani?

Dalilin a fili yake, kunyar faɗa kawai ake ji. Ɗakin buɗe jijiya yana cin kuɗi, yana kuma kawo kuɗi, don haka ake kafa shi inda masu inshora da masu biya suke. Sai ka ga uku a jere a titi guda, kowanne na tallar kansa, yayin da unguwar da hawan jini da ciwon suga suka fi yi wa katutu ba ta da ko ɗaya. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Abin haushin, an san maganin abin. A Landan ma'aikatan motar asibiti kan yi ECG tun a inda suka sami mutum, in sun ga jijiya ce ta toshe su wuce asibitin kusa su nufi cibiyar zuciya kai tsaye. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an haɗa ƙananan asibitoci da manya: a aika hoton gwajin ta waya, a yi allurar narkar da gudan jini a ƙaramin asibitin, sannan a wuce da majinyaci. Wannan tsari ne, ba sihiri ba.

Ku masu riƙe da lafiyar birane, ku daina ba mu alƙaluman birni a dunƙule. Ku fito da na kowace unguwa daban: minti nawa daga kiran waya zuwa isowar mota, minti nawa daga fara ciwo zuwa buɗe jijiya. Ku liƙa a inda kowa zai gani, sannan ku ajiye motocin da na'urorin a unguwannin da suka fi daɗewa suna jira.