Allurar ƙarshe a hannun likita

'Yan uwa, akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa a maganar likita ya taimaka wa majinyaci ya mutu. Cire wa majinyaci na'urar numfashi bayan likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu daban, ba shi maganin da zai ɗauke ransa daban. Na farkon, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi tun 1986 a zamanta na Amman. Na biyun ne zuciyata ta ƙi.

A jihar Oregon ta Amurka, doka ta halatta na biyun tun 1997, amma sai wanda aka ƙiyasta bai wuce wata 6 ya rage masa ba, kuma shi zai sha maganin da hannunsa. Holan da Beljiyam suka zo a 2002, a can likita ma yana iya yin allurar. A 2014 Beljiyam ta cire iyakar shekaru, har yara suka shiga ciki.

Amma Kanada ce ta fi tayar min da hankali. Da aka yi dokar a 2016, sharaɗin shi ne mutuwa ta riga ta doso. A 2021 aka janye wannan sharaɗi, mai naƙasa ko mai doguwar jinya ma zai iya nema. Waɗanda ciwon tabin hankali ne kaɗai lalurarsu aka dakatar zuwa 2027. A 2023 mutum sama da 15,000 suka rasu ta wannan hanya, kusan 1 cikin kowane 20 da suka mutu a ƙasar. Shekara 7 kacal!

Wallahi ba na raina azabar ciwo. Wanda ciwon daji ya ci ƙashinsa, idan ya ce ya gaji, ni ba zan yi masa tsawa ba, zama zan yi kusa da shi. Sai dai ina tunanin tsohuwar da ke ganin ta zame wa 'ya'yanta nauyi. Ba sai kowa ya furta mata komai ba, kunya kaɗai za ta sa ta ce a kira likitan. Wa zai rantse cewa son ranta ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu buƙatar kulawar rage raɗaɗi, kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samunta. Mutum yana kwana yana ihu babu mofin, maganin rage zafin ciwo, babu mai juya shi a gado. A fara kai masa waɗannan tukuna, sannan a sake tambayarsa me yake so.